Sarƙa a Langar Dubiya

Wata bakwai Kamilu ya yi yana zuwa zance wurin Hidaya a Gwangwan, kuma a wata bakwai ɗin nan bai taɓa bari ta ga baƙi a ƙasan farcensa ba. Kafin ya bar Kafin Dafga sai ya zauna da sabulu da soso da tsinken tsintsiya, ya bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zura farar shadda ya yi ɓarin turare. Ranar da mahaifinta, Malam Badaru, ya tambaye shi sana'arsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Harkar katako nake ɗan taɓawa, Baba."

Ba ƙarya ya yi ba. Bai dai faɗa ba ne cewa shi ne mai rungumar injin yankan, shi ne mai dawowa gida da garin itace har cikin hanci.

Tun daga ranar dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Duk sanda Kawu Sulle, kawun Kamilu, ya nemi a ba su rana su zo neman aure, sai ya ce ana dubawa. Kamilu kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukunci: ranar da aka gane shi mutumin baƙin mai ne, ranar zai rasa Hidaya. Shi da in ya tuna yadda take karkatar da kai in za ta yi dariya sai abinci ya gagare shi.

Ana nan sai Malam Badaru ya yi zazzaɓi na mako guda ya tashi. Gwaggo Hajo, yayar mahaifin Kamilu wadda ta raine shi, ta ce wannan dama ce. Ta sa aka yanka zakaranta, ta ce za ta yi farfesun da zai buɗe bakin tsohon. Ita za ta yi gaba da langar dubiya, shi ya biyo baya ya yi gaisuwa bayan la'asar.

A safiyar ranar Kamilu yana da tasa damuwar. Kwana uku ya yi yana fama da wani tsohon mangwaro a Ruwan Bago, sarƙar injin ta dawo kamar an tsamo ta daga kwalta. Ƙaron mangwaro da garin itace da baƙin mai sun haɗu sun daskare a tsakanin haƙoranta. Sai an jiƙa ta a kananzir ta wuni kafin burushi ya iya da ita. Ya ɗauko gwangwanin da ya saba jiƙawa, ya tarar ya huje. Ya leƙa ɗakin Gwaggo, ya ga langa biyu iri ɗaya masu jan fure. Ya ce a ransa, ai aro ne, kafin ta lura ya wanke. Ya naɗe sarƙar a ciki, ya tsiyaya kananzir har ya rufe ta, ya sa murfi, ya ɗora a kan guntuwar katangar madafa inda kaji ba sa kaiwa.

Bayan azahar, ya gama shiri fes, sai ya ce bari ya leƙa ya ga ko dattin ya fara saki. Ya ɗaga murfin da yatsu biyu don kada ya ɓata hannun riga.

Kan zakara ne ya dube shi, ido a rufe, cikin romo mai ƙamshin citta da kanumfari.

Kamilu ya mayar da murfin a hankali. Ya sake buɗewa. Zakaran yana nan. Sai lissafin ya zo masa gaba ɗaya: a kan katangar nan Gwaggo take ajiye abinci ya huce, rana ta gasa langarsa har ta yi ɗumi, ita kuma kwana uku ke nan mura ta toshe mata hanci, ko hayaƙi ba ta ji.

Bai san sanda ya ɗaure langar a bayan babur ba. Duk hanya addu'a ɗaya yake yi, Allah ya sa ba a kwance ɗaurin ba.

Ba a kwance ba. Langar tana tsakiyar tabarma a zaure, ɗaure da sabon kallabin Gwaggo, ga burodi biyu da ludayi a gefe. Malam Badaru yana jingine da bango, kusa da shi maƙwabcinsa Malam Abdulmutalib, mutum mai tumbi da fara'a, wanda har ya riga ya naɗe hannun riga. Kamilu ya baro tasa langar a kan babur, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya mutanen Kafin Dafga?"

"Suna gaishe ku."

"Ya gyaɗa wajenku, an fara cira?"

"An fara, Baba."

Aka gaisa a kan gyaɗa, aka gaisa a kan ruwan ƙarshe, aka tambayi Kawu Sulle da ciwon gwiwarsa. Kamilu yana amsawa, yana matsawa da gwiwa taki kaɗan kaɗan wajen langar.

Malam Abdulmutalib ya shaƙi iska ya ce, "Ɗan nan, wannan turaren naka na zamani ne? Yana da ƙarfi. Har wani warin fitila yake yi daga ƙarshe."

"Baba," in ji Kamilu, "ko in kai langar nan ciki a ɗumama muku?"

"A'a, zauna," in ji Malam Badaru. "Gwaggonka ta ce a yi hankali da ƙashi, wai zakaran tsoho ne, duk hanya tana jin ƙarar ƙasusuwansa."

Malam Badaru ya kwance kallabin, ya yi bismilla, ya ɗaga murfi. Ya dubi baƙin ruwan nan ya daɗe. Sannan ya sa ludayi ya motsa, ya ɗago. Sarƙar ta biyo ludayin tana ɗiga, tana tahowa, tana tahowa, kamar ba za ta ƙare ba.

Malam Abdulmutalib ya sauke hannun rigarsa.

Kamilu ya ji hawaye sun cika masa ido. Ya ga Hidaya tana nisa da shi, ya ga an ɗaura mata aure da wani mai shago a Rogo, har ya ga kansa tsaye a bayan taron. Tunda komai ya ƙare, sai ya faɗi gaskiya. Ya ce sarƙarsa ce. Ya ce injin nasa ne, shi yake yanka da hannunsa shekara shida, ba shi da shago, ba shi da teburi. Ya ce farfesun yana waje a kan babur.

Malam Abdulmutalib ya miƙe ba tare da an aike shi ba.

Malam Badaru bai dubi Kamilu ba. Ya shimfiɗa sarƙar a kan wani tsohon buhu, yana bin ta da babban yatsa gaɓa gaɓa.

"Baƙin mai kake zuba mata?"

"E, Baba."

"Wanda aka juye daga mota. Shi ya sa. Shekara talatin ina gyaran keke a kasuwar Rogo, ban taɓa yi wa sarƙa wannan wulaƙancin ba." Ya ɗaga murya wajen cikin gida. "Hidaya, kawo min tsohon burushin nan da tsumma, da magagarina na cikin akwati."

Ta kawo, kanta a ƙasa, ta ajiye ta juya. Kamilu bai iya ɗaga ido ba, ƙafafunta kawai ya gani.

"Wanke ta in gani," in ji dattijon.

Kamilu ya dubi farar shaddarsa, ya dubi burushin. Ya sa hannu cikin kananzir. Da farko yana kakkare jiki, amma hannu ya san aikinsa. Ya bi kowane haƙori ciki da waje, ya ƙwaƙule ƙaron da ya maƙale a lungu da tsinke, ya lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya ɗaya har ya kama guda biyu da suka ƙage, ya murza su suka saki. Ya ɗauraye, ya tsane da tsumma. Kafin ya gama, gaban rigarsa ya zama kamar jikin zabuwa, shi kuwa ya manta da ita.

Malam Badaru ya karɓa ya ɗaga wajen hasken ƙofa.

"Injinka yana karkata dama in yana yanka."

Kamilu ya buɗe baki. "Wa ya gaya muku, Baba?"

"Ga shi a rubuce. Haƙoran gefe ɗaya ka wasa su har sun gajarce, na ɗaya gefen kana yi musu shafar mai. Kowane haƙori a ba shi adadi ɗaya. In uku, uku. Riƙe nan."

Suka haɗa kai a kan buhun, tsoho yana jan magagari yana ƙirgawa, saurayi yana riƙe. Daga gefe ba a jin komai sai Malam Abdulmutalib da ƙashin zakara.

"Wata bakwai ina kallon hannunka," in ji Malam Badaru, bai daina wasawa ba. "Na ce wannan yaro ko allura bai taɓa ɗauka ba. Mai harkar katako, hannu kamar na amarya? Na ce ko dai zaman banza yake yi, ko kuma abin da yake yi ba ya faɗuwa. Har Karaye na sa a tambaya min, aka ce ba a san shagonka ba."

Kamilu ya dubi baƙaƙen hannayensa.

"Ka ce wa kawunka ina gida ranar Juma'a bayan masallaci. Ya taho haka nan, kada a ba shi langa."

Da ya fito wanke hannu, sai ya tarar da buta da sabulu a bakin ƙofa, Hidaya kuma tana laɓe a bayan ƙyaure, ta karkatar da kai, kafaɗunta na rawa.

"Kin ji komai ko?" ya ce a hankali.

"Ni ai tun zuwanka na farko na sani. Kana wanke hannu, kana manta bayan kunne."

Ya kai hannu bayan kunnensa, ya bar baƙin tambari a wurin. Ta toshe baki da mayafi ta gudu ciki. Yana tsaye yana murmushi shi kaɗai, sai ya jiyo muryar Gwaggo Hajo daga tsakar gida, cikin toshewar hanci, tana tambaya ko Malam ya ji daɗin romon, kuma a miƙo mata langarta da kallabinta, za ta kama hanya.