Ranar Waliyyi Mrata

Zorka ta sake tsayar da mota a bakin rijiyar ƙauyen. Mahaifinta Milutin yana gefe, rungume da burodin biki kamar jariri.

"Baba, mu koma birnin Nish. An sauya lambobin gidaje, kuma babu wanda ya tuna kakana Svetozar."

"Yau zan gutsura burodin nan a gidan da aka haifi ubana, ko ya bushe a hannuna."

Taurin kai dai gadonsu ne. Zorka ta sha yawon coci-coci da ofisoshi, sunan ƙauyen kawai ta samo. Tsohon kuwa ƙafa ta fara ƙi, in ba bana ba, da wuya.

Ƙanshin dafaffen kabeji, abincin ranar biki, ya bugi hancinta, ta dafe goshi. Ashe tun safe tambayar banza take yi. Kowane gida da waliyyinsa da ake gada daga uba, nasu kuma Mrata ne, wanda masu bikinsa ba su da yawa, kuma yau ce ranarsa. Ta leƙo ta tambayi wata mai wucewa, "Wane gida ke biki yau?"

"Mrata? Gidan Leposava kaɗai, mai koriyar ƙofa."

Ƙofar a buɗe take, don ranar biki ba a mayar da baƙo. Kyandir na ci, maƙwabta sun cika tebur. Tsohuwa Leposava ta zaunar da su, ta miƙo dafaffiyar alkama. Da Milutin ya ambaci sunan ubansa, sai ta ƙura masa ido.

"Svetozar, ƙanen uban mijina da ya tafi birni? Ai ba sai ka rantse ba. Ga kunnuwan nan irin na marigayi mijina, kamar marfin tukunya."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Daɗi ya kama Zorka har hawaye.

"Tun da mijina ya rasu, babu namijin zuriyar nan da ya rage mini," in ji Leposava. Ta girgiza bayan kujerar Milutin. "Tashi mana. Kujera ta baƙi ce. Ɗan gida a tsaye yake yini ranar biki."

"Inna, ƙafarsa fa," in ji Zorka.

Amma Milutin ya riga ya miƙe. Ya ajiye burodinsa kusa da kyandir, ya miƙa wa Zorka sandarsa, ya ɗauki tulun ruwan inabi.

"To, baƙi," ya ce, "wa zan ƙara wa?"