Igiyar Shanya Mai Magana

Tun ranar da aka sallamo Baba daga asibiti aka kawo shi gidan ɗansa, matar ɗan ta san da wuya ya zauna. Faɗuwa ya yi a tsohon gidansa, shi kaɗai, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Likita ya ce kada a ƙara barinsa ba kowa. Baba bai yi musu ba, ya dai ce sai akwatunansa sun riga shi shiga mota.

Akwatunan kuwa ba ko hula a ciki. Wayoyin lantarki ne, da ƙarfen liƙi, da dalma, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kayan gyara, kowanne da irinsa. Sai wata rediyo mai nauyin tsiya da ya haɗa da hannunsa tun yana saurayi, irin wadda ake ji kuma a mayar da magana. Da ita ya yi abokai a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Akwai wani ma da Baba bai san fuskarsa ba, Mai Tari kawai yake ce masa.

Matsalar ita ce a ƙasan bene suke haya. Da ɗan ya nemi izinin kafa eriya a kan rufi, mai gidan ya ce ko tsinke ba za a dasa masa ba. Rediyon ta zauna a kan tebur, an lulluɓe ta da tawul.

Baba ya juya kan kayan gida. Ya gyara fanka, ya gyara dutsen guga, har tocilan da aka yar a bayan kabad ya tashe ta. Matar ɗan takan tsaya bakin ƙofa tana kallo, abin yana burge ta. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofi, da ya riƙe ƙarfen liƙi sai ya tsaya cak. Yakan sunsuna abu ya ce ga inda ya ƙone, a buɗe a tarar haka ne. Da kayan gyara suka ƙare ta shiga bi maƙwabta tana roƙon matattun rediyoyi, har matar sama ta tambaye ta ko gwangwan ta fara saye.

Duk da haka Baba ramewa yake yi. Wata safiya ta kai masa shayi, ya ce, “’Yata, ba ki rage ni da komai ba, Allah ya yi miki albarka. Amma ƙarshen wata zan koma gidana.”

Ta ajiye shayin. “Haba Baba, in ka sake faɗuwa fa?”

“A can in na faɗi, akwai masu cigiyata. A nan kuwa, mutanena sun ɗauka na mutu.”

Da ta gaya wa mijinta, tsaki ya yi. “Ga waya na saya masa, ya kira duk wanda yake so mana.”

“Ka taɓa jin ya ce yana da lambar Mai Tari?” in ji ta.

Tana shanya a bayan gida abin ya faɗo mata. Igiyarta doguwa ce, daga ƙarfen tagar ɗakin Baba har bishiyar da ke jikin katanga. Ta leƙa tagar da jiƙaƙƙen zane a kafaɗa.

“Baba, wai ita eriyar nan dole sai a kan rufi?”

“Waya ce kawai, ’yata, in ta samu tsawo.”

“Kamar tsawon wannan?”

Baba ya gyara tabarau. Ya daɗe yana bin igiyar da ido, leɓensa na motsi. Can ya ce, “Miƙo min sandata.”

Ita ba ta son ɓoye-ɓoye, don haka ta hau sama ta samu mai gidan. “Ranka ya daɗe, igiyar shanyata zan canza da ta tagulla, Baba zai jona rediyonsa.”

“Za a taɓa min rufi?”

“Ko kusa.”

“To, igiyarki ce, ki shanya har da rediyon.”

Ita ta hau kujera, Baba na ƙasa yana ba da umarni kamar mai gina gada. Ya sa ta ɗaura guntun bututun roba a kowane ƙarshe, ya sa ta kwance, ta rage, ta sake ɗaurawa, har wuyanta ya ƙage. Sannan ya kafa doka: in yana magana, ba jiƙaƙƙen kaya, ba mai taɓa waya. Ta ce ta ji, wankinta ya koma da sassafe.

Da la’asar ya yaye tawul. Rediyon ta yi ta shuuu, yana murɗa ta a hankali, kansa a karkace. Ya faɗi lambar kiransa, ya jira. Shiru. Ya sake. Matar ɗan na bakin ƙofa, ta damƙe gefen zanenta, tana jin in wannan ya ƙi, shi ke nan, Baba ya tafi.

Sai ga tari a rediyon, ƙaf-ƙaf, daga can nesa.

“Kai! Tsoho, kai ne? Mun yi ta kira har mun fara yi maka addu’a! Daga ina kake magana?”

Baba ya cire tabarau. Ya share ido da bayan hannu, ya waiwayo ya dube ta, sannan ya danna maɓallin magana.

“Daga gida,” ya ce. “Wurin ’yata nake yanzu. Nan za ku riƙa samuna.”