Iglun Malam Barau

Jiya bayan azahar Malam Barau magini ya yi wani mafarki. Da ɓacin rai ya kwanta, don sun yi cacar baki da ɗansa Sagir, wanda ya gina masa gidan bulo a bayan gari. Bangon tsohon gidansu na ƙasa ya tsage, damina ta ƙarato, amma Malam ya ce gidan da ba hannunsa ya ɗora ba, ba gida ba ne.

Sai ga shi a wata ƙasa fara fat, dusar ƙanƙara na tashi daga ƙasa tana komawa sama. Ko'ina ɗakuna ne kamar an kife ƙwarya. Ya shafa bangon ɗaya, ya ji tubalin ƙanƙara ne, an jera shi ba ko azara. Aikin ya burge shi, ya nemi sanin sunan ginin.

Aka nuna masa ofishin sunaye. Wani bunsuru ne a kan kujera, da tabarau. Ya ce sunan ginin iglu, amma ma'anar tana shafi na tara na littafin sunaye, kuma ya cinye shafin da safe. Ya ba Malam haƙuri, ya buga masa hatimi a tafin hannu.

Can sai ga wata tsohuwa cikin rigar fata, tana yanka ƙanƙara da wuƙa. Ta ce ita 'yar ƙabilar Inuit ce, kalmar daga harshensu ta fito.

"Iglu ai gida ke nan, Malam," in ji ta. "Na ƙanƙara, na dutse, na katako, duk iglu ne. Baƙi ne suka zaci na ƙanƙara kaɗai muke nufi."

Ya tambaye ta in rana ta narkar da shi fa? Ta ce sai su kwashi yara su yi gaba, ai ba bango suka aura ba.

Ya rarrafa ya shiga wani iglu. Matarsa Kulu ce zaune tana toya waina a kan wuta mai sanyi, ruwa na ɗiga mata a ka, tana tari. Shekara arba'in tana tara kwano a ƙarƙashin yoyo, ba ta taɓa ce masa uffan ba. Ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe ta.

"Ci, Malam, kafin ta yi zafi," ta ce.

Ƙarar kankare tukunya ce ta tashe shi. Ya jima yana kallon rufi, sannan ya ɗaga murya.

"Kulu, gidan nan na Sagir, ta ina ya sa madafa?"

Kankarar ta tsaya.

"Ta gabas. Sau biyu ina zuwa ina dubawa."