Kwamfuta Huɗu da Gonakin Maruta

Idan mutum ya gina ɗaki da tubalin wani, ɗakin na wa ne? Har yau ban sami amsa ba.

Ni na koya wa kaina rubuta manhaja, a shagona na gyaran kwamfuta a Birnin Kudu. Bana manoman Maruta suka roƙe ni in lissafa musu gonakin da ruwa zai kwanta a ciki idan damina ta yi ƙarfi, don su san inda za su sa shinkafa da inda za su sa dawa. Shugabansu, Baba Sabo, ya ce Alhamis bayan la'asar za su zauna, daga nan sai shuka.

Kwamfuta ɗaya sai ta kwana huɗu tana wannan lissafi. Sai na jera tsofaffin kwamfutoci huɗu su yi gayya, kowacce da yankinta. Mai raba musu aikin laburare ne, wato tarin umarni da wasu mutane suka rubuta suka saki kyauta. Juya manhajata zuwa harshen na'ura ya tafi lafiya. Wajen ɗaure ta da laburaren ne na'ura ta ce ba ta san sunayen umarnan laburaren da nake kira ba.

Ranar Talata Malama Eunice, mai koyar da kwamfuta a Gwaram, ta shigo sayen tawada, ta leƙa allon.

"Malam Musaddiq, ai laburaren yana zuwa da nasa umarnin haɗawa. Kira shi mana, shi ya san inda kayansa suke."

"Tubalinsu na ara, Malama. Ginin kuwa da hannuna zan yi."

"To, kwamfutar ma kai ka ƙera ta?" Ta yi dariya ta tafi.

Na wuni ina nuna wa na'ura wurin kowane fayil da hannu. Ta ƙi. Laraba da hantsi Baba Sabo ya kira waya.

"Malam, an jiƙa iri fa. Mu jira ka?"

Ya tambaya ne kawai, ba faɗa. Na duba abin da nake karewa, na ga ba gonar kowa ba ce, sunana ne.

"Ku jira, Baba."

Na goge dogon layin wuraren fayilolin da na rubuta, na buga umarnin da Malama Eunice ta faɗa. Ɗaurin ya kama, babu ko ƙorafi ɗaya a allon. Na tayar da manhajar, fankokin kwamfutocin huɗu suka ɗauki kuka tare, kowacce ta kama lissafin yankinta. Na jingina da bango, na sauke numfashi.