Dawar Kunya ta Goma Sha Bakwai

Shekara bakwai Dakta Safiyatu ta yi tana bin dawa guda ɗaya. Duk manomin da wuta-wuta ta taɓa cinye wa gona ya san abin da take nema: irin da wannan muguwar ciyawa ba za ta iya kashewa ba. Kuma ta kusa, wallahi ta kusa. Kwatsam sai gwamnati ta tsayar da kuɗin bincike, ba sallama ba bayani, wai a jira.

Ita za ta iya jira, amma irin fa? Ɗakin sanyin da ake ajiye shi a jami'a ya tsaya don babu man janareto, zafi da ƙwari suka yi yadda suka ga dama. Ranar da ta buɗe ambulan ɗinta, a ƙasa ta zauna ta yi kuka. Mai lamba goma sha bakwai, wanda ta fi ɗora wa rai, abin da ya tsira daga cikinsa bai cika tafin hannu ba.

A faɗi gaskiya, jami'a ta yi iya ƙoƙarinta. Ta kafa kwamitin tallafa wa waɗanda aikinsu ya tsaya. Ma'aikatan gona babu, amma an ware mota ɗaya ana yi musu karɓa-karɓa, an kuma ba Safiyatu izinin kai irin ga manomi. Ta nufi Watari, gun Baba Dallatu, dattijon da daga rumbunsa ta fara samo asalin irin.

Tare suka shuka, kowane ambulan da kunyarsa, kowace kunya da fegi mai lamba.

"Baba, don Allah in an girbe kar a haɗa. Kowace kunya daminta daban."

"Haba 'yar nan, kin faɗa sau huɗu. Kunnena ƙalau."

Duk damina jikinta na birni, hankalinta na Watari. Ko hadari ta gani ya haɗo arewa, sai ta tsaya bakin tagar ofis tana tunanin ko ya sauka a gonar. Sau ɗaya ta samu zuwa a motar haya. Wuta-wuta ta yi jajir a sauran kunyoyi, ta goma sha bakwai kuwa tana tsaye shar da ita, zangarniya ta fara nauyi. Ta daɗe tana shafa ganyen kamar kan ɗanta.

Lokacin girbi ya yi, mota na can hannun masu binciken kifi. Sai bayan kwana tara layi ya zo kanta.

Baba Dallatu bai saɓa ba. Ga dammuna jere a ƙofar rumbu, kowanne da feginsa a soke. Ta bi su tana dubawa. Sha biyar, sha shida, sha takwas. Ta koma farko.

"Baba, ina na sha bakwai?"

Dattijon ya washe baki. "Ai shi na fitar zakka. Ina zan ba Allah mai ƙaiƙayi alhali ga mai kyau? Duk gonar nan babu kamarsa."

Tun farko ta ce masa kar a haɗa, bai kuwa haɗa ba. Ita da ta san sunan kowace cutar dawa, ba ta taɓa tuna cewa a nan dami ba ya shiga rumbu sai an fitar da haƙƙin Allah.

"Wa aka bai wa?"

"Asiya, matar marigayi Ja'afaru. Ba ta da mai noma mata." Sai a lokacin ya dubi fuskarta, murmushin ya gushe. "Innalillahi. Na yi ɓarna ko?"

Ta kama hanyar gidan Asiya, tana addu'ar Allah ya sa ko zangarniya ɗaya an rataye don iri. Kowane gidan manomi ana yin haka ai.

Amma Inna Asiya ba ta noma, me za ta yi da iri? Ta tari baƙuwa da murna, ta shimfiɗa mata tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da kwano.

"Ashe ke ce mai dawar! Sannu 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ga na ƙarshen nan, ɗazu na tuƙa. Sa hannu mana."

Safiyatu ta dubi tuwon, fari sol, yana tururi. Ta wanke hannu ta gutsura. Daɗi gare shi, abin haushi, daɗin gaske. Hawaye suka zubo mata.

"Yaji ne ya yi yawa?" in ji tsohuwar. "Ni dai tun rasuwar Malam ban ci tuwo irin wannan ba. Don Allah baɗi ma ki kawo musu irinta su shuka."