Ƙwan Jemage

Jikata Auta ta dawo daga makaranta, ko takalmi ba ta cire ba ta karɓe wayar uwarta. Wai malaminsu ya ce kowa ya yi bincike a kan jemage, wanda ya fi iya bayani shi zai wakilci ajinsu a gasa. Ita kuwa ta daɗe da ƙwallafa rai a kan gasar nan.

Yaran yanzu ba sa buɗe littafi. Akwai wani kundin sani a cikin waya, duk ajin can suke tururuwa, su kwashi layukan sama su rufe. Auta ce kaɗai mai bi har ƙasa, tana murza gilashi da ɗan yatsa.

Can ta tsaya. "Kaka, jemage yana yin ƙwai?"

"Ni ungozomarsa ce? Tambayi wayarki."

"Ta ce yana yi. Amma duba, kowace magana akwai 'yar lamba a ƙarshenta mai nuna inda aka samo ta. Wannan ba ta da ko ɗaya."

Ta leƙa wani kundin daban, ya ce haihuwa yake yi, har da shayarwa. Ta rubuta hakan, ta ajiye biro.

"In kin faɗi fa?" na tsokane ta.

"Ba zan faɗi ba, tsohuwa. Ki tanadi tukwici."

Sauran labarin a bakin mai kitso na ji, ita kuwa ba ta rage komai. Ashe kundin nan kowa na iya sa masa hannu. Ɗan mai kanti, wani ɗan ajinsu da suke kira Gwani, shi ya shiga ya dasa ƙwan don 'yan ajin su kwasa su faɗi. Da ya gama sai ya tafi ƙwallo, ya bar wa ƙanensa aikin kwafe masa shafin. Ƙanen kuwa yaro ne mai biyayya, bai tsallake ko layi ɗaya ba.

Washegari Gwani ya miƙe gaban aji yana karantawa da ƙarfi, har ya iso kan ƙwan. Wai nan ya tsaya cak.

Malam ya ce, "Ci gaba mana. Guda nawa yake sakawa?"

Auta aka zaɓa. Ni kuma da yamma na bi ta kantin, na tambayi uwar Gwani ko an kawo ƙwai sabo.