Minti Biyun 'Yar Mai Agogo

"Rubuta yadda na faɗa, maƙwabciya, kada ki gyara mini magana," in ji Baba Mai Agogo.

Ina zaune a gefen gadonsa da biro da guntuwar takarda. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tunda likita ya sallamo shi ya ce a je gida a yi ta addu'a, ni ke kai masa ruwan zafi safe da yamma. Ɗakin na warin man zafi. Agogunan mutane da bai gama gyarawa ba na jere a kan tebur, kowanne da nasa lokacin.

A cocinmu, duk Lahadi bayan sujada akan yi zauren tattaunawa: bangaskiya da zaɓe, bangaskiya da cin hanci, har da sharar da ke toshe kwata. Tambaya a rubuce ake jefa ta cikin kwando ba suna, Fasto ya zaro biyar kawai. Mai magana kuma minti uku gare shi. Baba ne ke riƙe da ƙararrawa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Fasto kansa ya sha jin ta yana tsakiyar aya.

Sau ɗaya Baba ya yi son rai. Shekara biyu da suka wuce 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta miƙe ta ce za ta tsaya takarar kansila. Shi kuwa a ganinsa siyasa ƙazanta ce, ba ta dace da mai bi ba. Minti ɗaya da fara maganarta ya kaɗa ƙararrawa. Kowa ya san lokaci bai cika ba, amma ba wanda ya tanka, har da ni mai bakin nan. Tun ranar, coci tana zuwa ta zauna a bencin baya, amma ƙafarta ba ta ƙara taka gidan ba.

"Baba, bari in kira ta a waya mana, ai ya fi sauƙi."

"A gaban jama'a na yi, ba a waya ba. Rubuta."

Ni na ga jikinsa, na san da wuya ya ga wata Lahadin. In Fasto bai zaro takardar ba fa? Allah ya gafarta mini, guda huɗu na kwafa na jefa a kwandon.

Tambayar farko kan katin zaɓe ce, ta biyu kan hayaniyar janareta. Na zuba wa kwandon ido. A ta uku Fasto ya gyara tabarau ya karanta: "Mai ƙararrawa ya yanke wa wata baiwar Allah minti biyu da gangan. Ya yi laifi. A bar ta ta ƙarasa maganarta."

Fasto ya ɗaga kai ya dubi bencin baya. "'Yar'uwa, fili naki ne."

Ta miƙe a hankali. "Fasto, ai maganar ta wuce. Na faɗi zaɓen tun bara." Sai ta juyo wajena. "Inna, yana cin abinci?"

"Cokali biyu, shi ma sai na yi masa faɗa."

Muna fita na jiyo Fasto ya buɗe takarda ta huɗu ya fara, "Mai ƙararrawa ya yanke…" Zauren ya kwashe da dariya. Ban waiga ba.

Da ta shiga ɗakin, Baba ya daɗe yana kallonta.

"Kin ƙarasa?"

"Ban ce komai ba, Baba."

"To zauna ki faɗa mini."

Ta zauna ta yi ta bayani, asibitin unguwa, famfon da ya mutu, kwatar bayan makaranta, ya fi rabin awa.

"Har yanzu ban yarda ba," ya ce.

"Na sani."

"Amma maganar kwatar nan, kin yi gaskiya."

Ranar Laraba da rana ya cika, tana riƙe da hannunsa. Na yi kuka, amma wallahi zuciyata sakayau take, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Washegarin jana'iza na fito tsakar gida na hango ta tana shanya rigunansa a igiya, ta naɗe hannun rigarta, ƙafarta cikin silifas ɗinsa da suka yi mata yawa.